Fuskar Ƙarfe a Hawa na Uku

Litinin, 3 ga Oktoba, 1921, da hantsi

Ƙarfe ya iso. Abokina Benet, mai walda a wurin gyaran jiragen ruwa, shi ya turo shi a kura tun daga bakin teku, yana haki yana tsine mini. Faranti ne daga tukunyar wani tsohon jirgi, kaurinsa kamar tafin takalmi, ya sha wuta ya sha gishiri har ya gaji. Na ƙwanƙwasa shi da masaba, ya amsa da murya irin ta dattijo. Nan take na san na yi dace.

"Jeroni, me za ka yi da wannan mushen?" in ji Benet.

"Fuska."

"Fuskar wa?"

Na ce ya kama can gefen mu sauke, ba hira na kira shi ba.

Tun ina saurayi nake ƙera wa Barcelona ƙyaure da tagogi da shingen baranda. Duk wanda ya jingina a barandar unguwar nan bai faɗo ba, ni ya kamata ya gode wa. Fuska ce kawai ban taɓa yi ba, to za a fara. Tun watan Agusta, tun Alhamis ɗin da aka harbe ɗana Feliu, raminsa yake a bangon maƙabarta inda ake jera matattu hawa-hawa, nasa a hawa na uku, an toshe shi da bulo da farar ƙasa, ba suna sai lamba. Ɗaya ga wata mai zuwa Ranar Tsarkaka ce, gari duka zai fita gaida matattunsa. Ɗan maƙeri ba zai karɓi baƙi a bayan bulo tsirara ba, ba kuma zai kwanta a bayan dutsen da wani ƙato ya sassaƙa ba.

Na hau sama na gaya wa matata Remei. Tana kujerarta ta bakin taga, hannuwa a cinya. Ba ta ce komai ba.

Laraba, 5 ga Oktoba, da la'asar

Yaya Madrona ta sauka daga ƙauye da kwando biyu da kaza a hammata. Yayar Remei ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun ranar ɗaurin aurenmu ba ta taɓa kallona ba tare da ta auna ni ta ga na yi mata kaɗan ba. Ta hau sama, ta daɗe, ta sauko maƙera idonta jawur. Ko gaisuwa babu.

"Jeroni, yaushe rabon da ta yi magana?"

"Tana hutawa ne, Yaya."

"Na ce yaushe rabonta?"

"Tun ranar Alhamis ɗin nan."

"Ta yi kuka?"

Na ce a'a.

"Ko ranar da aka kawo gawar Feliu?"

Na ce mata wuta tana jirana. Ta ce wutar ta jira, ai ba nono take sha ba. Sannan ta shimfiɗa mini hukuncinta kamar alƙali: za ta zauna da mu har Ranar Tsarkaka, in ƙanwarta ba ta buɗe baki ba zuwa lokacin, washegari za ta sa ta a jirgin ƙasa su tafi ƙauye, kuma ba da niyyar dawowa ba. "Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne," in ji ta. "Kai ka zauna da ƙarafunanka, tunda su kaɗai ka iya rarrashi."

Na yi dariya don ta ji haushi. Amma in ta tafi da Remei, wa zai rage a gidan nan? Ni da matakala.

Juma'a, 7 ga Oktoba, da yamma

Remei ta sha romon kazar, rabin kwano. Daga hannun Madrona, ba nawa ba.

Asabar, 8 ga Oktoba, da rana tsaka

Na je maƙabarta da ma'auni na auna bakin ramin. Tsoho Tofol mai gadi ya ba ni tsani ya riƙe mini, bai tambaye ni komai ba, Allah ya yi masa albarka.

Da na gama na zagaya na ga abin da masu kuɗi ke sa wa 'ya'yansu. Mala'iku na farin dutse, kumatu shar, kamar yanzu suka tashi daga cin shinkafa da kifi. Wata an ce kuka take yi, ta sa yatsa ɗaya a kunci kamar mai ciwon haƙori. Na tsaya gabanta na ce, baiwar Allah, in haka ake kuka to mu a unguwarmu ba mu iya ba. Wanda ya sassaƙa ki ko bai taɓa jin mace ta sami labari a bakin ƙofa ba, ko ya ji ya toshe kunne.

A hanya na gane inda matsalar take. Dutse a cike yake, ciki da bai. Abin da yake a ƙoshe ba ya ihu. Farantin ƙarfe kuwa fata ce kawai, bayansa ba komai sai duhu. Wanda ya yi rashi ya san da wanne ya fi kama.

Na dawo gida ina fito, har mai gasa kifin kan kwana ta bi ni da kallo. Ta manta ana fito a layin nan.

Talata, 11 ga Oktoba, da hantsi

Nasara! Bari in rubuta tun da zafinsa.

Tun Litinin nake dukan goshi da hanci daga baya, ina turo su waje, sun fito yadda nake so. Yau da safe na ciro farantin daga wuta ya yi ja kamar lemo, na ɗora a uwar maƙera don in taso kunci. Sai aka yi wata ƙara a titi, irin ƙarar bindigar nan, sau biyu. Ban leƙa ba, ba ruwana. Amma da na dawo hayyacina na ga ashe na kifa farantin ba daidai ba, na yi ta dukan kunci daga gaba. Maimakon ya taso, ya lotsa ciki kamar an kwashe da cokali.

Na zagi kaina, na zagi jirgin da aka ciro ƙarfen, na zagi Benet da bai san komai ba. Na jingina shi a bango zan je in sha ruwa. Da na juyo daga bakin famfo, hasken ƙofa ya faɗa cikin lotsawar nan, inuwa ta taru a ciki, sai ga kuncin mutumin da abinci ya daina yi masa amfani. Da gangan ba zan taɓa yin haka ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Na mayar da shi wuta na lotsa ɗaya kuncin ma, na ƙara zurfi. Ina bugu ina waƙa, zuga-zugi na amshi. Yaya Madrona ta leƙo daga matakala ta ce gidan makoki ne nan, in ji kunya. Na ce mata yau ko gwamna ya zo sai ya jira.

Na hau na gaya wa Remei maganar kuncin. Ba ta ce komai ba.

Alhamis, 13 ga Oktoba, da safe

Alhamis. Ban hura wuta ba.

Asabar, 15 ga Oktoba, da la'asar

Benet ya zo da kayan waldarsa a ɓoye cikin buhu, tulun gas biyu da bututu, ya aro daga wurin aiki ba tare da sallama ba. Ni da na sha cewa walda aikin malalata ce, ƙarfen da ba a haɗa da guduma ba ai ba aure ba ne, zaman dadiro ne. To yau na lashe amaina. Baki nake so in yanka, kuma kurfi da guduma za su tsaga mini haɓa.

Ya kunna, wata 'yar wuta shuɗiya ta fito tana huci kamar maciji. Na zana masa bakin da alli. Ya duba ya ce, "Kai, wannan ai ƙofar tanda ce, ba baki ba. Rage shi."

"Yanka."

"Yaron nan bakinsa ƙarami ne, Jeroni, na uwarsa ne. Tun yana goye na san shi."

"Benet, ka zo yanka ko wa'azi?"

Ya yanka. Wutar ta bi allin tana zubar da tartsatsi, guntun ya faɗi ƙasa ƙwal. Muka ɗaga fuskar muka tsayar. Ta cikin bakin ana hango baƙin bangon maƙera, kuma na rantse ɗakin ya yi tsit kamar ana jiran ƙarar ta iso. Gefen yankan ya fito da kaushi, zan goge da magagari, Benet ya riƙe mini hannu ya ce in bar shi haka. Benet ne fa, mutumin da ko cokali ya samu sai ya goge.

Muna cin burodi da tumatir da man zaitun a kan kura, ya ce ya ji labari akwai 'yan garinmu a Paris masu irin wannan aikin, suna huda ƙarfe suna barin rami ya zama ido, masu gemu na zuwa kallo suna gyaɗa kai, ana ce masa sabon salo. Na ce to su zo su koya. Ni ban san salo ba, na dai san inda yake mini ciwo.

Can ya ce, "Waɗanda suka yi abin nan, an ce ɗayansu..."

Na ce ya miƙo gishiri.

Talata, 18 ga Oktoba, da rana

Taragon titi bai yi aiki ba yau, shaguna sun rufe tun hantsi. Wasu mutum biyu masu tsabtar takalmi, irin 'yan sandan ciki, sun tsaya a ƙofar maƙera suna tambayar su wa yaron yake zama da su bayan tashi daga masaƙa. Na ce ni maƙeri ne, sunan ƙarfe kawai na sani. Ɗayan ya shigo ciki, ya yi ido biyu da fuskar a kan benci, ya ja da baya har ya taka awartaki. Ba su ƙara tambaya ba.

Ko ba ta yi wani aiki ba a duniya, ta yi wannan. Na sha kofin inabi a tsaye don murna.

Idanu sun kammalu. Na lanƙwasa fatar idon ta fito kamar rumfa, na bar kwarmin a buɗe.

Alhamis, 20 ga Oktoba, da safe

Alhamis.

Asabar, 22 ga Oktoba, da hantsi

Na kira Yaya Madrona ta gani, don na gaji da yabon kaina ni kaɗai. Ta sauko tana goge hannu a zani, baki a shirye da magana. Na yaye buhun.

Ta yi alamar gicciye. Ta zauna a kan buhun gawayi da tufafinta masu kyau, ita da ko kujerata sai ta kaɗe.

"Wannan za ka rataya wa ɗan ƙanwata? Jama'a su zo da furanni su tarar da wannan?"

"Shi fa, Yaya."

"Ba Feliu ba ne."

"Ƙarfe ne, ba hoto ba."

Ta kalli fuskar, ta kalle ni, ta sake kallon fuskar, ta daɗe tana wannan kai-komo kamar mai cinikin jaki. Na jira zagi. Sai kawai ta tashi ta kaɗe bayanta ta ce, "Hmm. Labarin zuciya a tambayi fuska." Ta hau sama. Da rana ta aiko mini da tuwon wake da tsiran alade har ƙasa, da kanta ta kawo. Ban san me na yi ba, amma duk ranar da Madrona ta rasa abin faɗa, ranar biki ce a wurina.

Na tambaye ta ko maganar jirgin ƙasa tana nan. Ta ce tana nan daram.

Laraba, 26 ga Oktoba, da la'asar

An gama. Na haɗa fuskar da farantin da zai rufe bakin ramin, na buga sunan da kurfi a ƙasa, harafi bayan harafi. Wannan ya fi komai ɗaukar lokaci, ba don wuya ba.

Saura shafi. A gidan nan duk ƙarfen da ya fita, Remei ce ke masa shafin ƙarshe. 'Yar maƙeri ce, a maƙerar ubanta na same ta tana riƙe da tsumma. Ana mayar da ƙarfe wuta ya ɗau ɗumi, ta shafe shi da mai da kakin zuma, hayaƙi ya tashi, ya fito baƙi wuluk, ruwa ya yi ta dukansa shekaru bai ji ba. Sirrin a gane ɗumin yake: ya yi yawa man ya ƙone, ya yi kaɗan bai shiga ba. Ita da bayan hannu take ganewa. Ni da na ajiye guduma na gama nawa, sai in tafi wanke fuska.

Na hau na durƙusa gaban kujerarta na ce, "Remei, aiki na jiran tsummanki." Ta ci gaba da kallon titi, wajen kwanar da ake ɓullowa in an taso daga masaƙa.

Na sauko na hura wuta zan yi da kaina. Na ɗauki fuskar da awartaki, na kai ta bakin wuta, na kasa sawa. Haka kawai. Na shafe ta da mai a sanyinta, ta yi ƙyalli, ta yi kyau. Sama garau take, zai riƙe har a gama biki.

Alhamis, 27 ga Oktoba, da yamma

Yau Alhamis, kuma na fita na yi aiki. A rubuta wannan.

Ni da Benet muka kai fuskar maƙabarta a kura, Tofol ya riƙe tsani. Na kafa ta da ƙusoshi huɗu. Da na sauko na ja baya na duba, duk mala'ikun layin sun koma kamar kayan alawa. Wata mata da ke wanke ramin mijinta a hawa na ɗaya ta ɗaga kai, ta ajiye soso, ta rufe baki da hannu. Tofol ya cire hula. Ya ce duk shekarunsa a wurin nan bai taɓa ganin kabarin da ya faɗi gaskiya ba sai yau.

Na dawo ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Ni, Jeroni mai shingen baranda!

Juma'a, 28 ga Oktoba, da sassafe

Ruwa. Iska daga teku take.

Lahadi, 30 ga Oktoba, da rana

Har yanzu ruwa. Madrona ta wanke kayan Remei ta shanya a kicin. Ta tambaye ni ina babban akwati.

Litinin, 31 ga Oktoba, da la'asar

Ruwa ya ɗauke. Unguwa ta cika da ƙamshin gasasshen dankali da alawar biki. Akwati yana bakin ƙofa a ɗaure da igiya. Madrona ta ce gobe za ta kai Remei maƙabarta ta yi sallama da ɗanta, jibi jirgin safe. Ba ta faɗa da faɗa ba, na fi son da faɗan.

Ina tsoro. Ga shi na rubuta.

Talata, 1 ga Nuwamba, Ranar Tsarkaka, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in bi shi a jere.

Mun fita da hantsi, Remei a tsakiya, ni da Madrona muna riƙe da ita kamar tulu. Maƙabarta ta cika maƙil, furanni, kyandir, yara na gudu tsakanin tsani da tsani. Tun daga nesa na hango cincirindo a layinmu. Zuciyata ta ce sun zo kallon aikinka, Jeroni, gyara hula. Sai Tofol ya taho da gudu irin na tsofaffi, yana cewa, "Maigida, zo ka gani, tana kuka! Tun jiya take kuka!"

Na kutsa na ɗaga kai. Ruwa ya taru a kwarmin idanun da na bari a buɗe, gishirin teku ya taya shi, man da na shafa ya wanke tas. Tsatsa ta zubo daga kowane ido, ja kamar jini, ta bi lotsattsen kunci, ta wuce gefen baki, ta ɗiga har kan farar ƙasar bango. Mata sun durƙusa suna addu'a. Wata na cewa a kira Fada daga coci, wata na ɗaga jaririnta ya gani.

Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Tsatsa! A aikin da bai yi mako ba, a gaban gari duka, a kan ɗana. Su suna ganin abin al'ajabi, ni ina ganin abin da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Na tsaya da hula a hannu ina jiran wani maƙeri ya fito daga cikin taron ya tona ni.

Sai na ji murya a gefen kafaɗata, a dishe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Da sanyi ka shafa."

Na juya. Remei ce. Ba ni take kallo ba, sama take kallo.

"Da sanyi ka shafa masa mai, Jeroni."

Madrona ta saki furannin hannunta. Ni bakina ya ƙi rufuwa.

"Ubana ya ba ka ni, ya ba ka uwar maƙerarsa, ashe bai ba ka hankali ba. Sauko da shi."

"Remei, yau biki ne, jama'a..."

"Na ce sauko da shi!"

Na hau tsanin nan kamar ɗan shekara ashirin. Matan suka yi caa, wata ta ce saɓo ne, Tofol yana roƙo a bari ko Fada ya gani. Remei ta juya ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ɗana bai rasa masu yi masa kuka ba da za a bar wa tsatsa." Ba wanda ya ƙara tari.

Na rungumo fuskar a ƙirji muka kama hanya. Tun daga ƙofar maƙabarta har gida faɗa take mini. Ta yi na man, ta yi na kwarmin ido da ban huda masa mafitar ruwa ba, ta koma kan wani ƙyaure da na karkata tun kafin a haifi yaron. Mutane na tsayawa suna kallon ƙato da ƙarfe a hannu mace na wanke shi tas, shi kuma yana washe baki. Ban taɓa jin kiɗa mai daɗin wannan ba. Madrona na biye da mu tana kuka tana dariya tana cewa, "Ƙara masa, 'yar uwa, ƙara masa!"

A maƙera Remei ta ɗaura tsohon zanin aikinta a kan baƙaƙen kayan biki. Ta ce in hura, na hura. Ta kankare tsatsar da burushin waya har ƙarfe ya fito fari. Ta ce in huda ƙasan kowane ido, na huda. Abin da na kasa ran Laraba ita ta yi: ta kama fuskar da awartaki ta sa a wuta, ba ta ko ƙifta ba. Ta ciro, ta kai bayan hannu kusa, ta jira, ta sake kaiwa, sannan ta tsoma tsumma. Hayaƙi ya tashi da ƙamshin zuma. Ta bi goshi, ta bi hanci, ta shiga cikin kunci a hankali kamar tana wa jariri wanka.

A bakin ta tsaya. Ta daɗe tana kallo ta cikin hayaƙi.

"Wannan ba Feliu ba ne," in ji ta.

"Na sani. Na kasa tuna..."

"Goshinka ne. Ga karyayyen hancinka. Haka ka yi ranar a bakin ƙofa, haka sak, kuma ba abin da ya fito. Ina kallonka. Na ce in wannan bai yi ba, ni wace ce da zan fara kuka?"

Ni ban san na yi haka ba. Na rantse ban sani ba. Ina tsammanin na tsaya ƙyam kamar namiji.

Daga nan ba zan iya jera abin da ya faru ba. Ita ta fara ko ni, oho. Madrona ta ce an ji mu har kan kwana, mai gasa kifi ta bar kifinta ya ƙone ta zo ta tsaya a ƙofa. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, haka tsofaffi suka ce, kuma ni da nake maƙeri sai yau na ji.

Remei tana sama yanzu. Ta ci dankali biyu, ta ce na biyun bai gasu ba.

Laraba, 2 ga Nuwamba, da hantsi

Na raka Yaya Madrona tasha da kwandunanta, ita kaɗai. Da za ta hau ta ce har yanzu ban kai ba, amma na matso. Ta sumbace ni a kunci, ta goge bakinta saboda gawayi.

Na dawo na tarar da fuskar a kan benci, baƙa wuluk tana sheƙi, ta fi jiya ban tsoro, ta fi jiya kyau. Remei na zaune gabanta da mayafi a kai, ta riga ta sa takalmi. Idonta a kumbure, nawa ma ba su fi ba.

Na ce ko in sake wata, mai kama da shi, ƙaramin baki irin nata.

Ta ce, "A'a. Bar masa ubansa ya tsare ƙofa." Ta miƙe ta zuba ƙusoshin a aljihunta. "Ɗauko kura. Ni zan hau tsanin, kai ka riƙe."